Uwargida, Kin San Abin Da Ke Damun Lambunki?

'Yan'uwa mata, a wannan zamani da kayan miya ke tsada, mace mai ɗan lambu a bayan ɗaki ta huta da aiken kasuwa kullum. Amma sau da yawa uwargida takan shuka alayyafo ko tumatir da murna, bayan mako kaɗan ta ga ganye ya yi rawaya, fure ya zube, sai ta ce ai ita ba ta da hannun shuka. Maganar ba ta hannu ba ce. Yawancin cututtukan lambun gida daga ruwa suke tasowa, ko taki, ko rashin shinge, kuma maganinsu yana nan cikin gidanki. Abin da ake bukata shi ne ki duba shukar da kyau kafin ki kashe ko kwabo.

GANYE YA YI RAWAYA

Kafin kome, ki tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa biyu. In kin ji ta caɓe, to, ruwa ne ya yi yawa, saiwa ba ta samun iska. Ki dakata da ban-ruwa kwana biyu, ki yi ɗan lambatu don ruwa ya riƙa wucewa. In kuwa ƙasar tana da laima daidai, amma ganyen ƙasa-ƙasa ne ke yin rawaya, shukar kuma ta tsumbure, yunwa ce ke damunta, sai taki.

A nan ne mata da yawa ke yin ɓarna. Kashin kaji ko na awaki ɗanye yana ƙona saiwa. Ki tara shi a rami tare da sharar ganye da ɓawon kayan miya, ki riƙa yayyafa ruwa kina juyawa, har wata 2 ko 3. Sa'ad da ya yi baƙi, warinsa ya tafi, ya isa zubawa. Har ila yau kada ki ba shuka ruwan wanki mai omo ko bilic, domin gishirin da ke cikinsa yana kashe ƙasa sannu a hankali. Ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi ba laifi.

TUMATIR MAI ZUBAR DA FURE

Tumatir ba ya son zafi mai tsanani. Idan zafin rana ya wuce digiri 35, kamar yadda yakan yi a Maris da Afrilu, furen yakan zube ba tare da ya ƙulla 'ya'ya ba. Saboda haka ki yafa iri wajen watan Oktoba, ki dasa bayan mako 4, ki bar tazarar santimita 50 tsakani, don ya yi fure cikin sanyin hunturu. Bazara kuwa ki bar wa alayyafo, in akwai ruwa.

In kin ga gindin ɗan tumatir ya yi baƙi ya lotsa, ba ƙwaro ba ne. Ban-ruwa ne marar ƙa'ida, watau yau a cika, gobe da jibi a manta. Ki tsai da lokaci guda, da sassafe ko da yamma, ki zuba a gindi ba a kan ganye ba, sa'an nan ki rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa don laima ta daɗe. Sai dai ki riƙa ɗagawa kina dubawa saboda gara.

ƘWARI DA TSUTSA

Ki saba juya bayan ganye, can ɓarayin ke ɓuya. Darɓa takan taru a kan toho, ganye ya nannaɗe ya yi danƙo. Akwai kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta kuwa yi wa gonakin tumatir na Kano da Kaduna mummunar ɓarna a shekarar 2016. Alamarta fararen tabo ne a ganye, domin tsakiyarsa take shiga ta cinye. Duk ganyen da kika ga haka, ki tsinke ki ƙona.

Darbejiyar ƙofar gida babbar mataimakiya ce. A ɓare busassun 'ya'yanta a daka, a jiƙa giram 50 cikin lita 1 ta ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a yayyafa da yamma sama da ƙasan ganye, sau ɗaya a mako. Ƙananan ƙwarin da ke huda ganyen kuɓewa kuma a barbaɗa musu toka kaɗan da safe. Amma ina jan kunnenku, kada a kuskura a fesa fiya-fiya ko maganin sauro a kan abin da za a ci. Guba ce, yaranmu ne kuwa za su sha miyar.

IDAN SHUKA TA YI YAUSHI ALHALI AKWAI RUWA

Ki tuge guda ɗaya ki duba saiwar. In ta yi ƙulu-ƙulu kamar carbi, wasu 'yan mitsi-mitsin tsutsotsi ne da ido ba ya gani. Suna kama tumatir da kuɓewa da gauta, musamman a ƙasa mai yashi. Ki tuge waɗanda suka kamu ki ƙona, ki shuka masara a wurin kafin ki komo da tumatir. Amma 'yan ƙulun da ke jikin saiwar wake da gyaɗa na alheri ne, ƙarfi suke ƙara wa ƙasa.

AWAKI DA KAJI

Akuya guda takan share wahalar wata biyu kafin ki sauke tukunya. Don haka darni shi ne aikin farko, tun kafin iri ya shiga ƙasa. A yi shi da karan dawa ko zana, a ƙarfafa ƙofar. Inda aka yafa iri a shimfiɗa ƙaya saboda tonon kaji. Wadda gidanta siminti ne, ta huda tsohon buhu ko bokiti, ta cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ta ɗora a wuri mai tudu inda rana ke samu.

Masu ciyawar ado irin kiri-kiri a tsakar gida kuma, kada a aske ta ƙwal. A rage kashi ɗaya cikin uku kawai, a ba ta ruwa ta ƙoshi sau biyu a mako. In ta bushe da rani kada a damu, da saukar damina za ta farfaɗo.

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta, ku nemi ɗan littafi ku riƙa rubuta ranar shuka da ranar dashe da abin da kuka gani. Abin da ya gagare ku, ku cire ganyen ku kai wa malamin gona ya duba. Yarinyar da ta iya kula da fangali guda tun tana gaban iyayenta, ba za ta rasa ganyen miya a ɗakinta ba. Allah ya sa albarka a abin da muka shuka, amin.