Ko Kun Sani? Beyar Rana

Beyar rana ita ce mafi ƙanƙanta cikin jinsunan beyar takwas da ke duniya, domin nauyinta yakan tsaya tsakanin kilo 25 da 65, kuma ta samo sunanta daga wani tambari mai ruwan ɗorawa da ke ƙirjinta. Tana zaune a dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya, inda take amfani da dogayen faratanta da harshenta mai kai santimita 25 wajen zaƙulo zuma da gara. Ramukan da take fafewa a jikin itatuwa kan zama sheƙar tsuntsaye, kashinta kuma yana yaɗa irin 'ya'yan itace.

Sare daji domin noman kwakwar manja da farautarta saboda matsarmamarta sun sa ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta jera ta cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. A 2008 masanin namun daji Wong Siew Te ya kafa cibiya a Sepilok da ke jihar Sabah ta Maleshiya, inda ake kula da irin waɗannan beyar da aka ceto, ana kuma mayar da wasu daji.