Amsar Tambaya: Yaya Ɓawon Ƙwan Kifin Teku Ke Yin Tauri?

Jama'a masu sauraro, wani ɗan kasuwar kifi ya aiko mana da tambaya, ya ce ya ji wai akwai kifin da ke saka ƙwai cikin jaka kamar ta fata, shin gaskiya ne? To malam, gaskiya ne, ga bayani.

A cikin teku akwai kifaye waɗanda ba su da ƙashi, guringuntsi ne a jikinsu. Cikinsu akwai kifin shak, da wani mai faɗi kamar faifai da ake kira siket. Siket duka ƙwai suke sakawa, haka ma wasu daga cikin shak. Ƙwan yana fitowa cikin 'yar jaka, wadda galibi mai kusurwa huɗu ce, ɗan kifin kuma ya yi watanni a ciki kafin ya fito.

A bututun da ƙwan ke bi a cikin uwar akwai wani ƙullutu mai fitar da furotin, shi ke naɗe ƙwan. Da farko jakar fara ce, mai laushi. Abin da ke jeme ta wani sinadari ne, irin wanda ke sa doya ta yi duhu in ka yanka ta ka ajiye. Shi ke ɗaure zaren furotin da juna, kamar yadda bagaruwa ke yi wa fata a majema, har jakar ta yi duhu ta yi ƙwari.

Amma fa sai an kiyaye lokaci. In sinadarin ya fara aiki tun yana cikin ƙullutun, furotin zai sandare kafin ya naɗe ƙwan. In kuma ya makara, jakar za ta fito da laushi, ba ta kare komai. Saboda haka uwar tana ajiye shi a kulle, kamar wuƙa cikin kube. A 1988 masana a Amurka da suka binciki ƙaramin siket sun ga cewa sai an sa wani sinadari mai yanka furotin sannan wannan ya farka sosai. Wato sai an datse wani ɓangare nasa, sannan jima ta kankama.

Malam, da fatan ka gamsu. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, sai mako mai zuwa.