Motar lantarki a Yamai: Ina ɗan haya zai yi caji?

Ƙarancin fetur da ya haddasa dogayen layuka a gidajen mai na Yamai a watan Maris na 2025 ya ƙara wa zancen motar lantarki armashi a fada, inda matasa ke shan shayi.

Masu sha'awarta na kafa hujja da tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30, wadda ta fara aiki a 2023. Masu shakka kuma na tuna watan Agustan shekarar, lokacin da Najeriya, wadda a lokacin take bai wa Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta, ta katse layin.

Sai dai babban ƙalubalen yana cikin gida. A unguwanni irin su Boukoki da Talladjé, iyalai da dama na haya a gida guda babu gareji, wasu ma mitar NIGELEC ɗaya suke rabawa. Wa zai yarda maƙwabcinsa ya jona mota har asuba, a raba kuɗin wuta daidai?

Shi ya sa mota mai haɗa fetur da batir, irin Toyota Prius, ta fi dacewa da ɗan haya, domin inji da birki ne ke caja batirinta. Mazauna ƙetare masu shirin aiko wa 'yan'uwa mota, ku fara tambayar inda za ta kwana.