Birin Zanzibar da Kuɗin Baƙi

Yau mun nufi Gabashin Afirka, zuwa tsibirin Unguja na Zanzibar a ƙasar Tanzaniya, inda wani biri ke rayuwa wanda asalinsa babu shi a ko'ina a duniya sai nan.

Jan kolobus ake ce masa. Bayansa ja ne, kafaɗunsa baƙi, cikinsa fari, ga wani farin gashi tsaye a goshi. In kun duba hannunsa da kyau, babban yatsansa ɗan dungu ne kawai, da yatsu huɗu yake kama reshe ya wulla kansa zuwa wani. Ganye ne abincinsa, da ɗanyun 'ya'yan itace. Masana sun lura yana kuma cin gawayi: yakan sauko ya tsinci na kututturen da ya ƙone, ko na wurin da aka toya gawayi, ya tauna, saboda gawayin na rage masa dafin da ke cikin ganyen mangwaro da makamantansa.

To, wannan gawayi shi ne kuma ke cinye gidansa. Yawancin gidajen tsibirin da itace ko gawayi suke girki, jama'a na ƙaruwa, gonaki na faɗaɗa, otal-otal na tashi a bakin teku. Wata ƙidayar da ƙungiyar Wildlife Conservation Society ta jagoranta, aka fitar da sakamakonta a 2017, ta samu birran nan 5,862 ne suka rage, kuma tsibirin na asarar kurmi kimanin murabba'in kilomita 19 duk shekara.

Mafakarsu mafi girma ita ce kurmin Jozani, kimanin kilomita 35 daga birnin Zanzibar. A 2004 aka mayar da shi gandun daji na ƙasa, a 2016 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take ba muhimmanci na musamman. Baƙo zai sayi tikiti a ƙofa, ɗan jagora ya shige gaba, ba a yi nisa ba sai ga garke a kan reshe, uwa rungume da ɗanta a ciki. Ana gargaɗin baƙi kada su taɓa su ko su ba su abinci, domin murar ɗan Adam na iya kama biri.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda kuɗin tikitin ke zuwa. Ana ware wani kaso ga ƙauyukan da ke kewaye, a yi musu ayyuka irin su makaranta da ruwan sha, a kuma biya manoman da birran ke shiga gonakinsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don manomi da biri tsohuwar gaba ce. Manoma sun daɗe suna kukan yana ɓata musu kwakwa. Wani binciken da aka buga a 1999 ya nuna ƙananan kwakwar da yake cirewa ba su rage amfanin gona ba, amma mai gona ba takarda yake so ba, so yake ya ga riba a hannunsa. Ranar da ya gani, ya daina kallon birin a matsayin ɓarawo.

Baƙin ma sun zo da tasu matsalar. Babban titin da ke kai su bakin teku ya ratsa ta gefen kurmin, motoci suna take birrai, sai da aka yi tudun rage gudu a kan kwalta kafin mace-macen ya ragu da kusan rabi. Da annobar korona ta tsayar da jirage a 2020, kuɗin shiga ya ƙafe, mai iyali kuwa dole ya ɗora tukunya.

A ganina, nan ne iyakar abin da yawon buɗe ido zai iya. Yana tsare kurmin da baƙo ke takawa. Amma akwai garkunan da ke nesa da Jozani, cikin gonaki da ƙananan kurmi, inda babu mai sayar da tikiti. Su makomarsu tana hannun masu tsara yadda birnin Zanzibar zai samu iskar gas da lantarki mai araha don girki, ta yadda buhun gawayi zai daina zama abin da kowane gida ke jira.