Launi ɗaya ya ishi hoton kasuwa

Yawancinmu idan hutu ya kai mu Kano muka shiga Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, sai mu ɗaga waya mu kwashe komai lokaci guda. Hoton ya cika da kala, amma ido ya rasa inda zai sauka.

Gara mu zaɓi launi ɗaya ya ja ragama. A layin dukawa, bayan mun yi sallama mun nemi izini, mu matsa kusa da jar jakar fata har ta cinye rabin hoton. In da koriyar tabarma a ƙarƙashinta, madalla, domin ja da kore suna fito da juna.

Rana tsaka tana koɗar da launi. Hantsi ko bayan la'asar sun fi. Mu taɓa fuskar wayar, mu ɗan rage haske, sai jan ya yi kauri.

Filta kuwa, a yi hattara da ita. Shuɗin baba na marinar Ƙofar Mata mai duhu ne, wani har ya kusa baƙi. Filta kan mai da shi shuɗin bokitin roba, har marinin da ya yi wahalar tsoma zanen ya kasa gane aikinsa.