Hunturu: albasa na so, jirgi na tsoro

Manomin albasa a Aliero ba ya ƙin hunturu, don sanyin da ke tsattsaga masa diddige shi ke sa albasarsa ta yi kai. Direban da ya taso daga Maiyama zuwa Jega da sassafe kuwa, in hazo ya rufe hanya sai ya kunna fitila ya rage gudu, in abin ya ƙi ya faka a gefen titi ya nemi mai shayi. Matuƙin jirgin sama ba shi da gefen titi.

Ranar Litinin, 22 ga Janairun 1973, kimanin mako guda bayan Babbar Sallah, wani jirgi ƙirar Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya yi haya, ya kwaso alhazai daga Jidda zai kai su Legas. Yanayi ya ɓaci a Legas, aka karkatar da shi Kano, inda ya tarar da iska mai ƙarfi. Wajen sauka ƙafafunsa suka karye, ya zame daga titi, ya kama da wuta. Cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka rasu, 26 suka tsira. Har zuwa ranar, duniya ba ta taɓa ganin haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka haka ba. Mutanen da suka gama jifan Shaiɗan lafiya, tsarabarsu na ƙulle, ga gida a gabansu. Allah ya jiƙansu.

Sauka ita ce gaɓa mai wuya. Jirgi na ƙasa-ƙasa, gudunsa ya ragu, lokacin gyara kuskure daƙiƙoƙi ne. Shi ya sa aka yanka wa matuƙi iyaka: a filin da ke da na'urar jagorar sauka mai matakin farko, in ya sauko zuwa kimanin ƙafa 200 daga ƙasa bai hangi titi ko fitilunsa ba, wajibi ne ya ƙara wuta ya koma sama. Wannan iyakar matuƙan wani jirgin kamfanin Sosoliso suka ƙetare cikin hadari a Fatakwal ranar 10 ga Disambar 2005. Mutum 108 suka mutu, 60 daga cikinsu 'yan makaranta ne masu tafiya hutu.

Ƙurar da ke turnuƙe mu da hunturu kuma baƙuwa ce. Yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta, ta bi ta kan Kano da Sakkwato ta iso mu, kuma hukumar hasashen yanayi ta NiMet kan yi gargaɗi kafin zuwanta.

Yau alhazan Kebbi daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa suke tashi, ba sai sun je Kano ba. Amma halinmu na nan: da an ce an ɗage tashi saboda yanayi, sai zaure ya ɗauki guna-guni, wani ya ce raini ne, wani ya leƙa waje ya ce ai ga rana nan. Ranar da ake gani a Ambursa ba ta ba da labarin filin da za a sauka.

Alhaji, Hajiya, in aka ce jirgi ya jira, a shimfiɗa darduma a jira.