Cron: Ma'aikacin da ba ya barci, amma agogo na iya yaudararsa

Saƙon da ke shigo maka kowane ƙarshen wata cewa lokacin biyan kuɗi ya yi, ba wani ne ke zaune yana tura shi ba. Manhaja ce aka tsara wa lokaci, take maimaita aikin da kanta. Tsarin da ya fi shahara wajen wannan aiki sunansa cron, wanda ya fito daga Unix a ɗakunan binciken Bell Labs na Amurka a shekarun 1970. A 1987 Paul Vixie ya rubuta nau'insa da ya bazu a kwamfutocin Linux.

Layi ɗaya ya isa. Ana cike gurbi biyar: minti, awa, ranar wata, wata, da ranar mako. Wanda ya rubuta 0 8 * * 1 ya ce a yi aikin kowace Litinin da ƙarfe 8 na safe.

Sai dai ƙarfe 8 na ina? Yawancin manyan kwamfutocin da ake haya a intanet suna bin agogon UTC, Nijar kuwa tana gaba da shi da awa ɗaya duk shekara. Matashin da ya gina manhajar adashi a Maraɗi, idan bai gyara wannan ba, tunatarwarsa za ta iso da ƙarfe 9. Ga ƴan uwanmu da ke Faransa abin ya fi rikitarwa, domin can ana tura agogo gaba a Lahadin ƙarshe ta Maris, a dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. A daren Maris babu ƙarfe 2 da rabi kwata-kwata, a na Oktoba kuma sau biyu take zuwa. Wasu manhajojin sukan tsallake aikin, wasu su yi shi sau biyu. In cire kuɗi ne daga asusun mutum, ka ga rigima ta tashi.

Haka wanda ya zaɓi ranar 31: a Fabrairu, Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba aikin ba zai gudana ba.

Babbar matsalar a wajenmu ita ce ɗaukewar wuta. Idan kwamfutar shago ko ta makaranta tana kashe lokacin da ya kamata ta ajiye kwafin bayanai, cron ba ya rama abin da ya wuce, kuma ba ya faɗa wa kowa. Don irin wannan aka yi anacron, wanda ke duba abin da aka rasa da zarar an kunna na'ura. Duk mai gina manhaja a Damagaram ko Tawa, gara ya fara da shi, ya kuma sa tsarin ya turo masa saƙo duk lokacin da aiki ya kammala, domin ranar da saƙon bai zo ba ya tashi ya duba.